Gani Ya Kori Ji: Finafinan Gaskiya da Suka Cancanci Kallo

A kusan kowane gari na ƙasar Jigawa, daga Jahun zuwa Aujara, daga Harbo zuwa Haɗeja, akwai shagon da ake cajin waya ana kuma tura fim. Yaro zai miƙa waya ko memori ya ce a zuba masa ci gaban fim mai dogon zango, ko fassarar Indiya-Hausa, ko ƙwallon daren jiya, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa ya kama gabansa. Kwamfutar mai shago cike take maƙil, amma da wuya ka tarar da fim guda a cikinta wanda mutanen da ke ciki ba 'yan wasa ba ne. Mai shago ba shi da laifi, abin da ake tambaya shi yake ajiyewa. Wannan rubutu na masu son fara tambayar fim ɗin gaskiya ne, wanda 'yan boko ke kira dokumentari, inda manomin da ka gani manomi ne da gaske, mai jinya kuma ciwonta yana nan tare da ita bayan an kashe kyamara.

Irin wannan kallo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa suna tuna majigi, motar gwamnati da ke zuwa gari bayan magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, gari ya taru kaf, wani ma'aikaci ya riƙe lasifika yana bayanin abin da ake gani. Ana nuna tsafta da allurar rigakafi da rangadin Sardauna, da finafinai irin su Baban Larai mai koyar da noman zamani. Majigi ya yi amfani, amma hukuma ce ke magana a cikinsa, talaka nasa sauraro. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa kowane fim ɗin gaskiya ita ce, wa aka bari ya yi magana? Ta biyu kuma, in mutumin Jahun ya kalle shi yau da dare, da me zai tashi gobe da safe? Da waɗannan tambayoyi biyu na zaɓi abin da ke tafe.

Zan fara da albasa. Galmi gari ne a jihar Tawa ta Nijar, a kan babban titi tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kuma albasarsa mai launin shunayya ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma har bakin teku. Ɗan garin, Sani Elhadj Magori, wanda ya karanci aikin gona kafin ya riƙi kyamara, ya fitar da fim a 2008 mai suna Pour le meilleur et pour l'oignon. Sunan ne kawai na Faransanci, hirar da ke ciki Hausa ce tsantsa. Wata budurwa, Salamatu, ta shekara biyu tana jiran ɗaurin aurenta. Dangin miji sun matsa, tsegumin gari ya yi yawa, sai mahaifinta Yaro ya yanke magana cewa biki sai an cire albasa. Daga nan auren 'yarsa ya rataya a wuyan gonarsa, dole ta ba da yawa, dole kuma ya sayar da daraja.

Duk mai noman rani a fadamun Jahun da Miga da Auyo zai ga kansa a jikin Yaro. Ya san yadda ake cin bashin taki da man injin ban ruwa da alkawarin sai kaka, ya san yadda kowa ke cire amfaninsa a mako guda har kasuwa ta cika farashi ya karye, dillali ya zo yana taya buhu kamar yana yi maka alfarma. Abin da ya burge ni shi ne Magori bai kawo wani masani daga birni ya bayyana mana tattalin arzikin albasa ba. Ya zauna da mutanensa, sun saba da shi har sun manta da kyamara, sai lissafin ya fito daga bakinsu a tsakar gida da bakin gona. Mai kallo zai tashi yana tunanin ajiya da haɗa kai wajen sayarwa ba tare da kowa ya yi masa huɗuba ba. Wani fim ɗinsa, Koukan Kourcia, a kan 'yan ci-rani ne da suka tafi kurmi suka ƙi dawowa, cikinsu har da mahaifinsa da ya daɗe a Abijan. Ya je wurin tsohuwar zabiya Husai, wadda waƙarta ta zuga samari suka bar gida tun tana da ƙuruciya, ya roƙe ta ta yi wata waƙar da za ta kira su gida. Gidan da ke da wani a Legas ko Fatakwal da aka daina jin ɗuriyarsa zai kalli wannan da wani irin ido.

Sai bishiya da ƙasa. A nan finafinai biyu ne, kuma ina so a kalle su a jere. Na farko The Man Who Stopped the Desert, na Mark Dodd, 2010, labarin Yakuba Sawadogo, manomi daga ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya a arewacin Burkina Faso. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 da ya kori mutane daga ƙauyuka, shi ya tsaya yana gina ramuka a faƙo. Dabarar tsohuwa ce, Mosawa na ce mata zai, a ƙasar Adar kuma tassa. Abin da ya ƙara mata shi ne ya faɗaɗa ramin, ya haƙa tun da rani kafin saukar ruwa, ya zuba takin gida a ciki. Takin yana jawo gara, gara ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, in ruwan farko ya sauka sai ya nutse a ramin maimakon ya gudu. A ramin nan yake shuka gero da dawa tare da irin bishiya. Mutanen garinsu sun ce ya taɓu, an ma taɓa cinna wa dajinsa wuta. Ya rasu a watan Disamba na 2023, ya bar kurmi a inda da ko ciyawa ba ta fita.

Na biyu The Forest Maker, na Bajamushe Volker Schlöndorff, wanda ya fito a 2022, a kan Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aikin gona a Maraɗi. Ya yi ta dasa bishiyoyi suna mutuwa, har wata rana a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen bishiyoyin da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da ake bukata kaɗan ne. Ka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka share na ƙasa-ƙasa da wuƙa mai kaifi, ka tsare shi daga awaki da masu itace. Manoman Nijar suka sa masa suna sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da yawansu gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Sawadogo da Rinaudo sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara guda, 2018. Ina da ƙorafi ɗaya a kan fim na biyun. Kyamara ta fi bin Bature, alhali hannun da ya yi datsar nan na manoman Maraɗi da Damagaram ne, kuma ba su yarda da abin ba sai da suka tabbatar bishiyar da suka raina tasu ce, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara a kanta ba. Duk da haka a kalle shi, musamman mutanen tudu, wajen Gumel da Maigatari da Ɓaɓura, inda rairayi ke cin gona.

Akwai kuma The Great Green Wall na 2019, inda mawaƙiyar Mali Inna Modja ta bi layin katangar bishiyoyin da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal har Habasha. Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa. Hotunansa da kiɗansa suna da kyau ƙwarai, sai dai manomi ba zai ɗauki abin aiki a cikinsa kamar waɗancan biyun ba.

Yanzu ga wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu. Tun 2008 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, take aiki da gwamnatin jiha a Babban Asibitin Jahun, ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, kuma mata na zuwa daga nesa, har daga wajen jihar. Mutumin garin ya saba ganinsu a bakin asibiti da 'yan rakiyarsu da ƙunshin kayansu, amma sabo da gani daban, sanin abin da ya kawo su daban. A Walk to Beautiful, fim ɗin 2007 da aka ɗauka a Habasha, ya bi mata biyar daga ƙauyukansu zuwa asibitin yoyon fitsari na Adis Ababa, wanda likitoci Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974. Ɗaya daga cikinsu, Ayehu, mijinta ya rabu da ita, ta koma gidansu, aka bar ta a wata 'yar bukka a bayan ɗaki saboda wari. Za ka ga yadda take shirin shiga motar haya tana tsoron fasinjoji, za ka kuma ga fuskarta ranar da ta shiga ɗakin jinya ta tarar da mata cike da gadaje masu irin ciwonta, ita da ta zaci ita kaɗai Allah ya jarraba.

Fim ɗin ya bayyana sababin ciwon a fili yadda kowa zai gane. Naƙuda ce ke tsawo, kwana biyu, kwana uku, kan jariri ya tokare a ƙugu yana danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, ya bar huda. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Babu maita a ciki, babu iska, ba kuma alhakin kowa ne ya kama ta ba. Jinkiri ne: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da na samun mota da hanya, da na samun likitan da zai yi tiyata. Na kuma yaba da cewa masu fim ɗin ba su ɓoye wadda aikin bai yi mata daidai ba. Yarinya Wubete, mafitsararta ta lalace da yawa, ta koma asibiti fiye da sau ɗaya. Abin da likitocinmu ma ke fama da shi ke nan tun lokacin da Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980. Mata za su kalli fim ɗin su yi kuka, amma ni maza nake so su kalla, magidanta da surukai da masu unguwanni, domin a yawancin gidajenmu izinin fita da kuɗin mota a hannunsu suke a daren da naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

A gefensa a ajiye L'Arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, na Aisha Macky 'yar Damagaram, 2016. Ita da kanta ce a ciki. Ta yi aure ba ta haihu ba, mahaifiyarta kuma wajen haihuwa ta rasu, sai ta gina fim ɗin tana yi wa marigayiyar magana. Ta zauna da wasu mata masu irin halinta, waɗanda ake yi wa habaici a gidan suna, ake kira juya, ake yi wa kishiya ba tare da an ce mijin ma ya je a duba shi ba. Ban san wani namiji, komai ƙwarewarsa, da matan nan za su buɗe wa ciki haka ba. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA ta 2016. Wanda zuciyarsa za ta iya ɗauka ya ƙara da Restoring Dignity, wanda aka ɗauka a Asibitin Noma na Sakkwato. Cutar noma tana farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe, alhali in an gane ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da ita. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Uwar da ta ga wannan fim ba za ta ƙara raina warin baki da kumburin dasashi a jikin ɗanta ba.

Samari kuwa ga nasu biyu. Sweet Sweet Codeine, binciken da sashen BBC Africa Eye ya saki a ƙarshen Afrilu 2018, ya ambaci jiharmu da suna, domin ya kawo ƙiyasin Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe har miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa. 'Yar jarida Ruona Meyer, wadda ƙaninta ya faɗa wannan shaye-shaye, da abokan aikinta sun ɗauki ma'aikatan kamfanonin magani a ɓoye suna sayar da katan-katan ta bayan fage, suka kuma shiga gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano inda aka ɗaure matasa da mari. Washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin da sarrafa shi. Ba kasafai fim ke yin tasiri cikin kwana guda haka ba, ko da yake duk mai zama a majalisar samari ya san da kodin ya yi tsada wasu ƙwayoyin ne suka maye gurbinsa. Na biyun shi ne Zinder na Aisha Macky, 2021, kuma shi na fi so. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da, ta zauna da 'yan daban da ake kira 'yan fale, masu ɗaga ƙarfe, masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, da wani tsohon shugabansu da ya tuba ya koma kabu-kabu yana fama da tunanin abin da ya aikata. Hausarsu suke yi, irin wadda ake ji in an tsallaka Maigatari. Ba ta wanke su ba, ta dai bar su sun faɗi yadda yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba makaranta, ba sana'a, yake zama abin tsoro a garinsu. Akwai ashar da tabon sara a ciki, ba na yara ba ne.

Haka The Bandit Warlords of Zamfara na 2022, wanda Yusuf Anka ya shiga daji ya ɗauko. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar naira miliyan 5 ga kowane kamfanin da ya nuna shi, da Trust TV saboda nata shirin, bisa zargin ɗaukaka 'yan ta'adda. Ni dai na ga amfaninsa ga masu zaune a inda manomi da makiyayi ke haɗuwa a bakin ruwa ɗaya, domin ya nuna yadda rikicin gona da burtali da rashin adalcin mahukunta ke girma in an bar shi. A kalle shi da manya a wurin, a kuma tattauna bayan an gama. Masu son tarihi su nemi The Africans na Ali Mazrui, kashi 9, 1986, da jerin Basil Davidson na 1984 wanda ya leƙa fadar Kano, da History of Africa na Zeinab Badawi da ke YouTube kyauta.

Matsalar harshe gaskiya ce, don rabin abin da na lissafa da Turanci yake ko Faransanci ko Amharik. Maganinta tsohon tsarin majigi. Malamin sakandare ko ma'aikaciyar jinya ko ɗan bautar ƙasa ya fara kallo shi kaɗai, sannan a tara mutane a aji ko zauren mai unguwa ko makarantar Islamiyyar matan aure, yana tsayar da fim ɗin yana bayani. Gidan kallon ƙwallo ma yana zaune babu aiki a ranakun da ba wasa, ga janareto ga benci. Waɗansu finafinan suna YouTube, waɗansu sai an nema wurin masu su ko cibiyoyin al'adu, kuma wanda zai nuna wa taro ya kamata ya nemi izini, don masu yin irin wannan aiki ba masu kuɗi ba ne. Yara kuma akwai wanda ba ya bukatar tafinta, Winged Migration na Jacques Perrin, 2001, tafiyar tsuntsaye daga nahiya zuwa nahiya, magana kaɗan ce a ciki. Yaron da ya kalle shi zai gane cewa baƙin tsuntsayen da ke sauka dausayin Baturiya da hunturu sun ƙetaro teku da Sahara ne daga Turai.

Fim ɗin da na fi ƙaguwa in gani shi ne na koginmu, kogin Haɗeja, da bakin mutanensa. Labarin yana nan a shimfiɗe. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, sai kogin da ke cika da damina ya janye da rani ya koma mai gudana kusan duk shekara. Ruwan da ba ya ƙafewa shi kachala ke so, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Guri da Nguru, wani wuri ya nutse, wani ya bushe, jan-baki ya sami maɓoya a cikinta yana fitowa ya cinye shinkafa. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna a farkon shekarun 1990 suka ga ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da su da kiwo da itace, a kan wanda aka tare don manyan ayyukan ban ruwa na sama. Ga kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka ci gidaje da gonaki a Ringim da Jahun da Miga da Auyo da Haɗeja. Wanda zai ɗauki wannan sai ya shekara yana bin ruwan, daga cikarsa zuwa janyewarsa. Ya zauna da sarkin ruwa ya lissafa masa kifayen da aka daina kamawa, da Bafulatanin da mashayarsa ta zama gonar shinkafa, da matar da ke turara shinkafa tana kai wa kasuwar Gujungu, da mutanen da ke shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yankan kachala a aikin gayya. Sannan ya tafi Kano, ofishin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ya sa injiniya ya bayyana da Hausa yaushe ake sakin ruwa, wa ke yanke shawara, kuma ta wace hanya sanarwa ke isa ƙauyen da ke bakin gaɓa.